Shekarar da Na Saci Gerona

Na san abin da kuke faɗa a kaina, ku ɗiyana, don bangon gidan nan na Wurno ba shi da kauri, kunnuwana kuma ba su mutu ba tukuna. Kuna cewa tsufa ya fara taɓa Inna, tana amsa kiran da ba nata ba. Mai tallan nono ta ƙwala wa maƙwabciya kira, ni ce zan ce na'am. Wani ya kira ɗansa a bakin titi, sai a ji muryata daga ƙuryar ɗaki. Jikokina har sun mai da abin wasa, su laɓe bayan ƙofa su kira sunan akuya don su ji na amsa, su kwashe da dariya. Ku yi dariyarku, ban hana ba. Amma kaina ƙalau yake, kuma da gangan nake yi. Abin da zan rubuta a nan ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko Bappanku Ummaru, ƙanin mahaifinku, da ya kai ni ya dawo da ni, har ya koma ga Allah bai ji shi daga bakina ba.

Abin ya faru a shekara ta biyu da barinmu tunga, ƙauyenmu. Manyanku sun san yadda muka fito, jikoki kuwa sai labari. 'Yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan gabas da Rabah, yau a kore shanu, gobe a ɗauki mutum, har ranar da mai gari ya ce kowa ya nemi inda zai sa kansa. Mu muka yo Wurno wurin dangin mahaifinku, Allah ya jiƙansa, wasu suka tsaya Rabah, wasu suka wuce Goronyo. Ƙanwar mahaifiyata, Yafendo Ige, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da namu shekara talatin, ɗanta Bello ya ɗauke ta sai Boyekai, can wajen Goronyo. A jikin katangar nan akwai wata 'yar kafa da muke miƙa wa juna garwashi da gishiri, wani lokaci kuma gulma. Ranar tashi sai da aka ɓamɓare hannun Yafendo daga ƙyauren ɗakinta. Ni ban yi kuka ba. Na koyar a firamare shekara talatin da ɗoriya, na saba da shanye abu a gaban yara. Sai da muka sauka Wurno na kwance kaya, sannan na tuna abin da na bari, na zauna dirshan a ƙasa.

Irin gero na bari. Gero ne mai dogon kai, ƙwayarsa ruwan toka, furarsa kuma tana da wani ƙamshi da ba a samu a kasuwa. Na Kaka muke ce masa, don daga kakar mahaifinku ya zo. Al'adar gidan ita ce, kafin maza su sa lauje a gona, babbar mace take shiga ita kaɗai ta zaɓi kawunan da suka fi cika. Ta sussuka su da hannunta, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ta binne a ƙasan gadonta. Namiji ba ya taɓa shi, ba ya ma sanin inda yake, sai ruwan fari ya sauka ta fasa bakin tulun ta ba shi. Surukata ta danƙa mini wannan aiki tana kwance ciwon ajali, ta ce kada ya mutu a hannuna. Ni kuwa na tuna da tabarau, na tuna da takardun ritaya, na mance da tulu. Daminar farko a Wurno an ara mana gona muka shuka na kasuwa. Ya yi, mun ci, alhamdu lillahi, amma kowa ya kurɓi furar sai ya ajiye ludayi. Iri a cikin toka yana jure damina ɗaya, ta biyu da kyar. In wannan ta wuce bai shiga ƙasa ba, shi ke nan na Kaka ya ƙare, kuma a hannuna. Na yi wa Babbanku, ɗana na fari, maganar, bai ma bari na kai ƙarshe ba.

"Inna, gero dai gero na. Rai fa? Don Allah a bar maganar ga."

Ana cikin haka, da bazara, autata Rabi ta zo hutu daga jami'a a Sakkwato da wani littafin Turanci mai kauri kamar bulo. A bangonsa an zana ƙofa tsaye a fili, babu gida a bayanta. Kwana biyu yarinyar nan ba ta jin kira, ranar na uku ta ƙona tuwo. Na yi abin da na saba yi a aji, na ƙwace.

"Inna, ba naki na ba. Na samari da 'yan mata na."

"Ni da na koya miki A da B za ki hwaɗa min abin da ba nawa ba? Bari in ga mi ac ciki da yah hi tuwon gidan ga daraja."

Da niyyar in samu abin faɗa na buɗe shi. Kullum bayan azahar sai in shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar dogon yaro, in sa tabarau, in ajiye tsohon ƙamusuna a gefe. Labarin wasu yara biyar ne, ɓarayi, babu uwa babu uba babu mai kwaɓa, da aka sa su shiga wani birni da mutanensa suka ɓace rana ɗaya, su sato wata fitila da ba ta mutuwa daga taskar sarkin. Sunayensu ba su faɗuwa a bakin Bahaushe, sai na raɗa musu nawa. Shugabansu na sa masa Sarkin Surutu. Kai, yaron nan ya ba ni haushi! Komai ya sani, kowa wawa ne sai shi, ana tsakiyar bala'i kuma ya tsaya yana kallon idon yarinya. Da ɗalibina ne da ya durƙusa a rana. Amma akwai wata 'yar ƙarama mai buɗe kwado da tsinken kitso, ba ta da yawan magana, kullum ita take raba gurasarta ta ba sauran. Ita na sa wa Tsigi. Ban san lokacin da na fara sonta ba. Na dai tsinci kaina ina mata faɗa da baki, ina cewa ke kauce daga nan, har matan gidan suna leƙowa su ga da wa nake.

Birnin yana da dokoki uku, kuma har yau zan iya kawo su kamar karatun allo. Ana shiga ne da tsakar rana, lokacin da inuwar mutum take ƙarƙashin ƙafarsa. Abu ɗaya ake ɗauka, ko da an ga zinariya zube. Na uku, in aka kira sunanka kada ka amsa, don birnin yana aron muryar mamatanka, kuma kullum ɗan ƙaramin abu muryar take roƙo. Wanda ya amsa ba ya fita. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne, da yaran suka shiga, sun tarar da birnin tas, babu ƙura babu kara, ko'ina shatin tsintsiya. Waɗanda suka amsa ne suke share shi. Na san ƙarya ce. Mace ce ni mai salla, na je Makka, kuma duk na rufe littafin sai na yi istigfari. Amma washegari azahar na yi, ƙafata take kai ni gindin dogon yaro.

Sun sami fitilar. Suna hanyar fita, saura ƙofa ɗaya, sai murya ta kira Tsigi, muryar yayanta da ya mutu, yana cewa ta zo ta kama masa igiyar takalmi. Yarinyar nan ta ce na'am. Da sauran suka waiwaya daga bayan ganuwa, sai suka hango ta a matakalar fada da tsintsiya a hannu, tana shara, ba ta ko ɗago kai. Wallahi jifa na yi da littafin, ya faɗa kusa da turmi. Na yi kukan da ban yi ba ranar da muka bar tunga. Saura 'yan shafuka kaɗan a ƙare, na rantse ba zan ƙara taɓa shi ba.

"Inna, ki ƙarasa shi, don Allah," in ji Rabi. "Kaɗan yar rage."

"Ba ni ƙarasawa. Wanda yar rubuta abin ga ba shi da imani. Dut cikinsu ita kaɗai ta ɗiyar kirki, ita zai ba tsintsiya?"

"Ke dai ki ƙarasa."

Ban ƙarasa ba. Hutu ya ƙare ta koma makaranta, ta bar mini littafin a kan taga da gangan. Sai dai abin ya riga ya shiga jikina. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma yana watsewa, ni kuma in ina tsintar wake sai in ji ina cewa a raina, yaran da ba su da tarbiyya sun shiga birnin aljanu sun fito, ni da na san kowane lungu na tunga? Na fara tambayar mata masu itace da dabara. Suka ce da zafin rana irin na bazara mutanen daji ba su yawo, suna can kwance a inuwar rafi. Na zana tunga a ƙasa da tsinke, ga masallaci, ga rijiya, ga gidanmu, kamar yadda Sarkin Surutu yake zana wa yaransa. Sannan na aika a kira mini Ummaru. Tsohon direba ne, yana da babur, kuma tun ina amarya wasa ne tsakaninmu, babu abin da ba mu faɗa wa juna. Ya tsuguna ya dubi zanen, ya dube ni.

"Malama, boko ya taɓa ki na? Ki tahi satar abinki da kanki?"

"In tsoro kaka ji, ba ni babur ɗin in tuƙa."

"Ni ba ni jin tsoro sabadda ke. In sunka kama ki, kwana guda za su yi su maido ki don surutu." Ya yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. "Na Kaka na?"

"Shi na."

"To Talata."

Na ce wa mutanen gida za ni gaisuwar mutuwa Rabah. Ku yafe mini wannan ƙaryar, ita ce ƙaramar cikinsu. Na ɗaure buhu da 'yar fartanya a zani, na rataya gorar ruwa a kafaɗa. Bayan Maikujera muka bar hanyar mota muka bi ta shanu. Tun daga nan duniya ta sake. Gonaki ba a yi musu sharar shuka ba, karan shekara biyu yana tsaye. Babu akuya, babu zakara, babu ko hayaƙi. A gindin tsamiyar bakin gari Ummaru ya kashe babur, ya juya kansa ya fuskanci hanyar da muka fito. Ya so ya bi ni, na hana. Na ce mutum biyu sun fi saurin ganuwa, kuma namiji ba ya ganin inda ake binne iri. Na dubi ƙasa, inuwata tana ƙarƙashin ƙafata. Ban so na lura da haka ba, amma na lura.

Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Busasshiyar ciyawa ta kai mini ƙugu a lungun da nake bi zuwa makaranta. Jinkaye sun rufta, wasu an ƙona su, ƙofar masallaci a buɗe, tabarmi na nan yadda aka bar su. Ƙadangare ma da ya gan ni bai gudu ba. Da na iso zaurenmu, bakina ya yi abin da ya saba shekara talatin, na yi sallama da ƙarfi. Sai da ta fita na kama bakina. Na shiga, na tsaya cak. An share tsakar gidana. Tas, tun daga bakin zaure har gindin rumbu, ga shatin tsintsiya nan a jere, irin sharar mace mai haƙuri da take gamawa da baya don kada ta taka. An kife turmina a gefe, an jera duwatsun murhu. Gidan da shekara biyu babu kowa. Na dafa bango. Na fara Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya na rasa ta, na koma farko.

Da rarrafe kusan na shiga ɗakina. An kwashe gado da katifa, amma daɓen ƙasa ba a taɓa shi ba. Na haƙa, fartanya ta ƙwanƙwasa tulu. Bakinsa na nan a liƙe yadda na bar shi, har da shatin yatsuna a jikin lakar. Na fasa, ƙamshin toka da gero ya bugi hancina, na damƙo na duba, babu ƙwaro ko ɗaya. Na juye a buhu na ɗaure. Da na miƙe sai na ga carbin mahaifinku rataye a ƙusa bayan ƙofa, inda ɓarayi ba su duba ba. Na miƙa hannu, har na taɓa shi, sai na janye. Abu ɗaya ake ɗauka. Ni Hajiya, ni Malama, na bar carbin mijina saboda dokar littafin yara. Ina gaya muku wannan ne don ku san inda hankalina yake lokacin da abin ya faru. Na fito tsakar gida da buhu a ka, sai na ji daga bayan katanga:

"Hajo."

A hankali, a shaƙe, kamar daga cikin rijiya. Sunana Hajara, amma duniya Malama take ce mini, ku kuma Inna. Mutum biyu kaɗai suka taɓa kirana Hajo. Mahaifiyata, wadda ta shekara ashirin a kabari, da ƙanwarta Yafendo Ige, wadda a sanina tana can Boyekai tana dogara sanda, ko bakin rijiya ba ta zuwa. Muryarsu kuwa ɗaya ce, tun muna yara ba mu iya rabewa. Ina tsaye a gari matacce, a kan shatin tsintsiya, rana a tsaka, sai zuciyata ta zaɓi ta kabari.

"Hajo, ke ta? Na ji sallamarki."

Ku da kuka tashi a hannuna kun san ɗiyar Hausa ba ta shawara kafin ta amsa kiran uwa, na'am ɗin da kanta take fita. Na ji ta taso mini har maƙogwaro. Na cusa gefen mayafina a baki na cije. Kafar katangar nan tana gabana, taku huɗu, in na duƙa zan ga cikin gidan. Ban duƙa ba.

"Hajo, ɗiyata. Ɗan ruwa."

Ɗan ƙaramin abu. Yadda littafin ya ce, haka. Gorar ruwa tana kafaɗata, cike, ina jin motsinta a haƙarƙarina. Na juya na nufi zaure. Ban yi gudu ba, don yaran littafin ma ba su yi gudu ba. Ina taka ciyawar lungu ina jin kamar ana kallon ƙeyata, har na hango tsamiya.

"Mi kinka gani?" in ji Ummaru. "Huskarki ta yi toka."

"Ba komi. Tada mu tahi."

A Wurno aka mai da ni jaruma. Babbanku ya yi faɗa har muryarsa ta dishe, sannan ya zuba hannu a buhun ya fashe da kuka. Matan tunga da ke gari suka yi ta zuwa ganin iri, wata ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a baki. Ni ina murmushi, amma ko na rufe ido shatin tsintsiya nake gani. Ranar Alhamis bayan azahar na kasa zaune na kasa tsaye, sai na ɗauko littafin daga taga. Na ce bari in ga yadda waɗanda suka fita suka ƙare, ko na ji sanyi. Ashe a shafukan da na ƙi karantawa, Sarkin Surutu, yaron da na tsana, shi ne ya ajiye fitilar ya koma birnin shi kaɗai. Aka kira shi ya amsa, ya bi muryar har inda take. Sai ga shi ba duka muryoyin ne na matattu ba. Akwai rayayyu a ciki, mutanen da suka maƙale shekara da shekaru suna kiran duk wanda ya wuce. Sarkin birnin ne ya ƙirƙiro dokar nan ta uku, don kada kowa ya je ya fito da su. Yaron ya kamo hannun Tsigi ya fito da ita, da tsintsiyarta da komai.

Na rufe littafin. Na tashi, na yafa mayafi, na kai har bakin zaure zan tafi gidan Ummaru. A nan na tsaya. Na ce in je in ce masa mi? In ce na ji murya na ƙi amsawa saboda tatsuniyar Turawa, yanzu kuma tatsuniyar ta sake magana, a tayar da maza a shiga daji? Matar da gari yake yabo? Na ce ai Yafendo na Boyekai, da wani abu ya faru da an bugo waya. Na cire mayafin na koma na zauna. Ku riƙe wannan da kyau. Ranar Talata tsoro ne ya rufe mini baki, kuma kuna iya cewa littafi ya sa. Ranar Alhamis littafin ya gaya mini gaskiya ƙarara, kunya ce ta zaunar da ni, kuma kunyar tawa ce.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga Bello, ɗan Yafendo, ya yi baƙi ya rame. Ko zama bai yi ba.

"Yaya, Inna ba ta zo nan ba? Yau kwana goma ba mu gan ta ba. Mun bi bakin dam, mun bi asibitin Goronyo. Kunya ta hana ni hwaɗa ma dangi, a ce uwata ta ɓace a hannuna."

"Ku tahi tunga," na ce.

"Tunga? Mi za ta yi tunga? Da wace ƙahwa?"

"An share tsakar gidana."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Washegari maza suka tafi da 'yan sa-kai, har da Ummaru. Shi ya dawo ya ba ni labari, yana zaune a bakin ƙofata yana kallon ƙasa. Daga baya an gano Yafendo ta shiga motar albasa har Rabah, sauran hanyar kuma Allah kaɗai ya san yadda ta yi da sandarta. Gida bakwai ta share, nata da na maƙwabta. Da alama a bakin rijiya ta faɗi ƙugunta ya karye, don sun ga guga a yashe da shatin jan jiki tun daga can har cikin gidanta. Ba ɗaki ta nufa ba. A gindin katanga suka same ta, daidai kafar da muke miƙa wa juna garwashi, da ƙwarya busasshiya a gefenta. Masu sani a cikinsu suka ce ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu da cikawa ba. A can suka yi mata sutura da gaggawa. Da ya gama, Ummaru ya ɗago ya dube ni, babu wasa a idonsa, karo na farko tun ina amarya.

"Malama, ran da munka tahi, ba ki ji komi ba?"

"Ban ji ba."

Ya ce Allah ya jiƙanta, ya tashi. Bai ƙara tambayata ba, bai kuma ƙara tsokanata ba har ya rasu.

Ruwan fari ya sauka bayan kwana tara, na ba Babbanku iri da hannuna yadda ake yi. Ya tsiro, kusan duka. Yau babu gidan mutanen tunga a Wurno ko Rabah da ba a shuka na Kaka, har Bello na aika wa. Duk kaka sai kun dama furar farko kun kawo mini, kuna ba jikokina labarin yadda kakarsu ta shiga garin 'yan bindiga ta sato gero. Ni kuma in ce likita ya hana ni saboda suga. Likita bai hana ni ba. Tun daga shekarar nan furar na Kaka ba ta wuce mini maƙogwaro, na gwada.

Ke kuma Rabi, na ji yayyenki suna cewa littafinki ne ya kusa kashe Inna, na ga kuma tun lokacin ba ki ƙara shigo da littafin labari gidan nan ba. Ban kare ki ba, don in na kare ki sai na faɗi sauran. Sau biyu kika ce in ƙarasa. Da na ji maganarki, da na duƙa a kafar nan. Littafin yana ƙasan akwatina, da karan gero a shafin da na yi jifa da shi. Ki ɗauka, naki ne, ki ba ɗiyanki in sun girma, amma ki tsaya a kansu sai sun kai bango. Bello kuma, in wannan ya iso gare ka ina raye, ka zo ka faɗa mini duk abin da ka ga dama, zan zauna in ji.

To kun ji dalili. In mai nono ta kira maƙwabciya na amsa, ku bar ni. Talatar da ta wuce ma, da azahar, duk kun fita, ina zaune ina sussukar irin bana, na ji an ce Hajo daga bayan katanga. Babu mai kirana haka a Wurno, babu shi a duniya. Na ce na'am tun kafin a rufe baki, na ɗebi ruwa a randa na fita ko takalmi babu. Ba kowa a lungun, sai rana. Na tsaya da moɗar a hannu har ruwan ya yi ɗumi.